Kada Ruwa Ya Taɓa Idon

Ranar da likita ya cire mini auduga daga ido, doka ɗaya ya kafa: kada ruwa ya taɓa shi har kwana bakwai. Ko a alwala, sai dai in kewaye shi.

Shekara sittin ina tuƙa kwalekwale a Tafkin Cadi. A tsibirinmu babu mai takardar fili. Inda ruwa ya janye ka kafa turke, nan ne gonarka, muddin kana zuwa kana dubawa. Da yanar ido ta rufe mini gani, na daina gane hanya cikin ciyawar ruwa. Shi ne ɗana mai karatu a Alƙahira ya ɗauko ni, aka yi mini aiki a can.

A kwana na shida ya kai ni kan wata gada a Kogin Nilu.

"Baba, dubi can. Shi ma tsibiri ne."

Benaye na gani, da motoci.

"Tsibirin da ake shiga da takalmi? Nema mini jirgin komawa. Ruwa ya fara janyewa, turakuna suna jira."

Ya murza hularsa.

"Ma'alish, sai haƙuri, Baba. Tun kana asibiti aka tashi kowa saboda yaƙi. Inna tana sansani a tudu. An ƙone garin, har kwalekwalenka."

Na juya ga kogin. A ƙasan gadar wani masunci yana jan raga, ina ganin kowane zare tar.

Saura kwana ɗaya wa'adin likita ya cika, ruwa ya taɓa idon. Kuma ba daga waje ya zo ba.