Gidan Filtar Motar Merv

Dizal na ɗiga a kan jar ƙasa, Darcy Pohlner yana tsaye yana kallonsa. Gidan filtar mai ya tsage daga wuya har gindi, inji ya shaƙi iska ya mutu. Ya naɗe shi da roba, ya ɗaure da waya, duk a banza.

Ya fizgo oba-oba. "Noelene! Kina jina? Ina can ƙarshen shingen arewa, mota ta mutu. Ki yi magana mana!"

Shuuu kawai rediyon ke yi masa, kamar yadda ta saba tun da tururuwa suka shige ta. Ya kira har muryarsa ta dishe, sannan ya wurgar da ita a kujera. Ko da matar tasa ta ji ma, babu wata mota mai tashi a gidan sai wannan.

Kowane yaro a wannan yanki na Queensland ya san doka: in motarka ta lalace, ka zauna kusa da ita. Darcy ya zauna har rana ta take, ruwan gorarsa ya koma kurɓi biyu. Daga nan ya aje doka gefe, ya gangara busasshen rafi yana neman inda yashi ke da danshi.

Bai samu danshi ba. Sai dai a inda rafin ya cinye hanya ya bar kwazazzabon da mota ba ta iya haurawa, ya hango farar mota a tsallake, hancinta na kallon gonarsa.

Ko a mafarki ya san motar nan. Ta Merv Tiller ce, yayan Noelene, maƙwabcinsa, mutumin da ya fi tsana a duniya. Rigimarsu a kan rijiyar burtsatse ɗaya ta fara, wadda kowa ke cewa a ƙasarsa take. An kai ga yanke wayar shinge, an kai ga harbe kare. Haɗuwarsu ta ƙarshe a kasuwar shanu, Merv ya ce masa a gaban jama'a, "Kai ko wuta ta kama ka, ba zan ɓata fitsarina a kanka ba."

"Tsohon ɓarawo," Darcy ya ce cikin haƙora. "Yau kuma maruƙan wa ka zo kora?"

Babu kowa a ciki. Inji da sauran ɗuminsa. A baya akwai igiyar jan mota sabuwa fil, da akwatin sifanu, da jarka cike da ruwa. Sawun takalmi ya sauka kwazazzabon ya haura ya bi hanya, ƙafa ɗaya tana ja, don Merv gwiwar ƙarfe gare shi.

Darcy ya sha ruwa har ya zubo masa a ƙirji. Da hankalinsa ya dawo jikinsa, sai mugunta ta biyo baya. Motocinsu iri ɗaya ne, shekara ɗaya.

Da sifanun Merv ɗin ya kwance tiyo biyu da ƙusoshi, ya zare gidan filtar ɗungurungum, mai na bin gwiwar hannunsa. Ya leƙa ciki ya tsinke igiyar oba-oba, kada a riga shi kai labari. Ya saɓa jarkar a kafaɗa. Zuciyarsa ta ɗan motsa, ya danne ta. Ai Merv ba ya fita shi kaɗai, kullum da yaransa a kan babura. Su goya shi gida, ya ji yadda ake ji.

Ta cikin rafin ya koma, don kada su yi kiciɓis a hanya.

A wajen motarsa sai ga sawun nan mai jan ƙafa. Ya zagaya motar, ya tsaya a ƙofar direba, sannan ya bi sawun Darcy zuwa rafi, ya ɓace a cikin duwatsu ta ɓangaren da Darcy bai bi ba.

"Munafuki. Har leƙe ka zo yi."

Ya cire fasasshen gidan filtarsa ya yi jifa da shi. Ya ɗaura na Merv, ya matse tiyo, ya sassauta ƙusar iska, ya dinga danna ɗan famfon da ke sama har kumfa ya ƙare, mai ya fito tsantsa. Yana cikin haka ya ji kira daga nesa, irin dogon kiran nan da mutanen daji ke yi.

"Kuuu-wii!"

Ya tsaya cak. Kiran ya sake zuwa, a dishe, ya fi na farko nisa. Wato tsohon ya gano ɓarnar da aka yi masa ke nan. Darcy ya yi murmushi, ya murɗa makulli. Inji ya yi tari, ya kama. Ya ƙara masa wuta don ya rufe muryar, ya juya kan mota ya nufi gida yana fito. Rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta.

Rana ta kusa faɗuwa ya iso. Noelene ta fito da gudu ba takalmi, idanunta jawur. Ta wuce shi, ta leƙa kujerar gefe, ta leƙa bayan mota, ta ga jarkar da ta sani.

"Ina Yaya Merv?"

"Me ya haɗa ni da wannan tsinannen?"

Ta kama ƙofar motar da hannu biyu.

"Darcy, duk yankin nan ya ji ka kana ihu a oba-oba, kai ne ba ka jin amsa. Yaran Yaya Merv sun tafi kai shanu, na roƙe shi ya jira, ya ce ba za ka kai yamma ba in babu ruwa. Shi kaɗai ya fita nemanka."