Mai Tsorata Awakin Farfesa

Farfesa ya maka takardun gwaji a ƙyauren garke. Awakin suka takure a lungu.

"Yau ma gishiri ya yi yawa a nonon. Wata uku ina bincike, sakamako ya ƙi tsayawa. In akuya ta tsorata, ƙwayoyin hantsarta sukan saki juna, gishirin jini ya tsiyayo cikin nono. Baba, me kake musu? Ka faɗa mini ko ka bar aikin nan."

Tsohon da ke tatsar awakin ya ajiye bokiti.

"Ranka ya daɗe, waɗanne ranaku nonon ke fitowa daidai?"

Farfesa ya duba. "Talata da Alhamis kawai."

"To, ai ranakun da kake aji ne, ba ka leƙo mu."