Alƙaluman Dakta Badaruddeen

Ƙarfe goma da rabi na safe Dakta Badaruddeen ya faka motarsa a gindin durumin Gidan Mijinyawa, wani ɗan ƙauye a mazaɓar Gammo. Ya so ya fi haka sammako, amma otal ɗin da ya sauka a Gwarzo ba sa soya ƙwai kafin tara, masanin kimiyyar siyasa kuwa bai kamata ya tunkari talakawa da yunwa ba.

Shekara shida ya yi a Turai yana karanta abin da ke cikin zuciyar talaka. Yanzu wata ƙungiyar agaji ta ba shi aiki. Tana shirin raba taki a ƙauyukan ƙaramar hukumar Kabo, amma tana so ta san ko 'yan gari za su yarda a raba da mutanen da ke gudowa daga yamma saboda 'yan bindiga. Duk ƙauyen da ya nuna ƙyamar baƙi za a tsallake shi, gudun rigima.

Bai je gaida mai unguwa ba. Ya taɓa rubuta muƙala mai shafi talatin a kan yadda masu sarauta ke gurɓata amsoshin jama'a, ba zai ƙaryata kansa a kan gaisuwa ba.

Watan Yuli ne, ƙasa a jiƙe, amma ya tarar da maza sun fi goma zaune a inuwa. Nan take ya rubuta a littafinsa cewa zaman banza ya yi wa karkara katutu, har da damina. Tambayar farko a fom ɗin, wadda ke neman asalin mutum, tun a otal ya cike ta da kansa don rage ɓata lokaci.

Ya fara da wani dogon dattijo, Malam Sabi'u.

"Baba, in an kawo taki, ka yarda a raba da baƙin da ke shigowa?"

Dattijon ya gyara zama da sauri. "Mi? Wasu na tahowa?"

"Misali ne kawai."

"A'a, ɗana. Garin ga ya cika. Wanda ya samu wuri ya samu, a bar shi haka nan."

Dakta ya yi murmushi. Ya ƙara ɗan bayani a ƙasan shafi cewa Hausar yankin tana karkata yamma, kamar yadda masana suka daɗe da tabbatarwa.

Mata ta bayan zana suka amsa masa. Ya lura kusan kowane gida an raba tsakarsa biyu da sabuwar zana, murhu nan, murhu can. Wannan ma bai wahalar da shi ba: rugujewar zumunci, in ji littafinsa. Wata mai suna Barira ta ce hatsin da ake auno musu da ƙyar yake kai su Juma'a, in aka ƙaro baki ina za su sa kansu? Ya ja layi biyu a ƙarƙashin maganarta.

Kwana tara ya yi yana zuwa, kullum ya bar garin kafin azahar saboda rana. Mutum tamanin ya tambaya. Saba'in suka ce kada a raba.

Rahoton ya yi kyau ƙwarai, har da zane mai launi. A taron da aka yi a Abuja an tafa masa sau biyu, wata Baturiya ta ce bincikensa ya buɗe mata ido. Motocin taki suka bi ta Durun, suka sauke a ƙauyuka bakwai, suka wuce mararrabar Gidan Mijinyawa ko birki ba su taka ba. Masarar garin ta yi ruwan ɗorawa tun ba ta kai ƙugu ba. Da kaka, rumbun da ya saba cika rabi ya samu.

Bayan girbi ƙungiyar ta kira taro a Kabo don a bayyana wa jama'a sakamako. Dakta ya yi awa guda yana magana, rabi da Turanci. Da ya gama, wani tsoho mai kaushin hannu ya miƙe daga layin baya. Ya ce shi ne Baffa, mai unguwar Gidan Mijinyawa. Ya gaida manya, ya gaida baƙi, ya tambayi Dakta gajiya da iyali, sannan ya ce yana so ya san laifin da garinsa ya yi.

"Ranka ya daɗe, ni ban yanke hukunci ba," in ji Dakta. "Mutanenka ne suka yi magana. Saba'in cikin tamanin ba sa son baƙo. Alƙaluma ba su san son rai ba."

"Su wa da wa?"

Ƙa'idar bincike ta hana bayyana suna, amma ƙa'ida ba ta taɓa shiga tsakanin Dakta da cin gardama ba. Ya buɗe kwamfuta ya fara karantowa. Sabi'u. Barira. Mahbub. Murja. Hussaina. Tsohon na gyaɗa kai a kan kowane suna, kamar mai jin an kira 'ya'yansa. Har aka kai na tamanin bai katse shi ba.

"Ka san su ke nan," in ji Dakta, ya rufe kwamfutar.

"Na san su sarai," in ji Baffa. "Amma Dakta, a takardar nan taka babu ɗan garinmu ko ɗaya. Duk baƙinmu ne da suka gudo bara, muka raba gidajenmu muka sauke su."