Ranar da Mis Odessa Ta Bi Doka

Ran Juma'a Cleophus ya karɓi albashinsa a shagon faci, ya tarar an sake gutsure rubu'i. Aikin Mis Odessa ne, mai gidan da yake haya a ɗakin ƙasa. An daɗe bai ba ta ko dala ɗaya ba. Ita kuwa ba ta tsaya hayaniya ba, ta ɗora hularta ta zuwa coci ta nufi kotu, alƙali ya ce a riƙa yanka mata tun daga wurin aiki.

"Tsohuwa ta shaƙe ka," in ji Rufus, abokin aikinsa, har da riƙe ciki.

"Ni? Kai yaro ne. Duk garin nan na Memphis ba a haifi wadda za ta iya da ni ba."

Ran Litinin ya je wurin wani lauya da hotonsa ke jikin bas, ya rantse ya karye, ba shi da komai sai takalmi da tsohon rediyo. Aka shigar da ƙarar karayar arziki. Lauya ya ce daga yau yankan albashi ya tsaya, kuma mai bin bashi ba shi da ikon ya kira shi ko ya ƙwanƙwasa masa ƙofa a kan kuɗin.

Ya koma gida yana ta fito da baki. Ya tare Mis Odessa a matakala ya karanto mata dokar, har da ƙarin gishiri. Ta cire tabarau, ta dube shi sama da ƙasa.

"Doka ai doka ce," ta ce.

Daga nan ba ta sake ce masa uffan ba.

Makon farko ya cika shago da kuri. A na biyu ya makara sau biyu, don ba mai buga masa bene da tsintsiya da asuba. Kwanon abincin da yakan tarar a matakala da yamma ya ɗauke ƙafa, sai a lokacin gogan naka ya lura bai taɓa mallakar tukunya ba.

Ranar Idin Godiya, bikin da dangi kan taru su ci abinci tare, motoci suka cika layi, kowace ya san mai ita. Ƙamshin gasasshen talotalo da dankali mai kirfa ya gangaro har kan gadonsa, shi kuwa ga busasshen burodi da kifin gwangwani. Ya toshe hanci da matashi. Ina!

Ya tattara albashin da ya ƙwato, ya hau sama, ya ƙwanƙwasa.

Mis Odessa ta buɗe ƙofa kaɗan, ta waiwaya wajen baƙinta. "Wani ya gaya wa wannan bawan Allah lauyansa ya hana ni magana da shi."

Cleophus ya miƙa kuɗin da hannu biyu.

"Haba, Mama," ya ce, "ko wuyan talotalon ne a sam mini."