Wayar da Barau Ya Gani Ya Yi Shiru

Shekara goma sha ɗaya Barau yana tuƙa Alhaji Maikuɗi, falken hatsi na Gaya, kuma duk tsawon wannan lokaci shi ne direba shi ne bakanike. Tsohuwar akori-kurar Alhaji ko tari ta yi, Barau ya san abin da ke damunta.

A bazarar 1977 Alhaji ya sayo sabuwar mota mai iyakwandishan, wato na'urar da ke sanyaya cikin mota. Ranar da aka kawo ta ya ce, "Barau, tuƙi kawai naka. Gyara sai Inuwa, shi ya koyi aikin irin waɗannan a Kano."

Maganar nan ta tsaya wa Barau a wuya. Inuwan da jiya-jiya ya buɗe gareji a bakin tasha? Ga Alhaji ba ya gajiya da yabonsa a gaban mutane, har babbar riga ya ɗinka masa da Sallah. Barau ya ji hassada ta cika masa ciki, ko sunan Inuwa aka ambata sai ya haɗe rai.

Bayan 'yan watanni sai sanyin motar ya fara wasa. Ana cikin tafiya ya ɗauke, Alhaji ya yi ta fifita da hularsa, can kuma ya dawo da kansa. Da an kai ta gareji sai ta yi ta busa sanyi kamar ba ita ba.

Inuwa ya duba bel ɗin da ke juya na'urar, ya auna gas, ya wanke gaban injin, bai ga komai ba. Ya zo ya durƙusa kusa da Barau ya ce, "Yaya Barau, kai ke tare da ita kullum. Don Allah, a wane lokaci take ɗaukewa? In na san wannan na gama aikin."

Barau ya sani sarai. Ba ta ɗaukewa a kan kwalta, sai an hau gargadar hanyar Ajingi, inda mota ke karkarwa. Ya ma taɓa buɗe bonet ya ga wata siririyar waya da ke kai wuta ga na'urar ta yi sako-sako, tana gogar ƙarfe har fatarta ta fara zazzagewa. Amma ya kalli babbar rigar da ke rataye a garejin, ya taɓe baki.

"In rana ta take ne," in ji shi. "Ai ku ne masana."

Da wannan ƙaryar Inuwa ya yi ta neman ciwo inda babu shi. Sau huɗu ana kawo motar, sau huɗu tana komawa da halinta. Da wayar ta ƙara cinyewa, sai fis, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, ya fara ƙonewa. Barau ya san in Inuwa ya ga ƙonannen fis zai bi waya ya gano komai, don haka ya naɗe fis ɗin da takardar azurfa ta kwalin sigari ya mayar, don wuta ta ci gaba da wucewa.

Matarsa Hanne ta ga yana dariya shi kaɗai, da ya gaya mata dalili ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Kai fa kake cikin motar nan, ba Inuwa ba." Ya ce ta kula da tukunyarta.

Abin da yake so ya samu. Alhaji ya tsaya a tsakiyar tasha ya kira Inuwa ɗan koyo, ya ce kada ya sake taɓa masa mota. Masu kawo wa Inuwa gyara suka janye. Ranar Barau har ƙarin tuwo ya nema.

Ranar kasuwar Ajingi suka kama hanya shi da Alhaji. Suna cikin gargadar nan sanyi ya ɗauke, sai warin roba, sai hayaƙi ta ƙarƙashin bonet. Fis ɗin da ya kamata ya yanke wutar ba shi da ikon yankewa saboda takardar azurfar nan. Alhaji ya yi salati ya fice. Barau ya ɓalle bonet, ya kai hannu biyu kai tsaye kan wayar nan yana fizga, ita kuwa ta riga ta zama garwashi, robarta ta narke ta manne masa a tafi. Kafin manoman da ke kusa su iso da ƙasa a kwanduna don kashe wutar, gaban motar ya cinye.

A asibiti Alhaji ya tsaya a kan Barau ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Injin nan cike yake da wayoyi. Yaya aka yi hannunka bai yi lalube ba?"

Barau ya fashe da kuka, ya faɗi gaskiya. Alhaji ya juya ya fita, bai sake waiwayarsa ba.

Inuwa ne ya zo dubiya da ƙwaryar fura. Ya kalli hannayen da aka naɗe ya ce, "Yaya Barau, aikin minti biyar ne fa. Ɗan salatif kawai zan naɗa mata." Shi ya riƙe masa ludayi har ya sha.

Ƙunar ta warke, amma yatsun sun ƙandare. Barau bai sake riƙe sitiyari ba.

Mai karatu, hassada ba ta tsayawa kan wanda aka yi wa ita. In ka ga ɓarna ka ɓoye don wani ya ji kunya, ka tuna kai ma cikin motar kake.