Ɗalibin Tsibiri

Tsohon ya sake ɗora yatsa inda bai kamata ba. Tsirkiyar ta yi wata ƙara kamar ta tsohon ƙyaure. Malam Idirisa ya kama yatsan a hankali, ya matsar da shi gaba kaɗan.

Haka yake koyarwa. A Maradi an san shi a kan moto, babur ɗinsa, da gita a goye, gida-gida yake bi. Ba ya tsawa, ba ya gaggawa. Doka ɗaya gare shi: ɗalibi ba ya fara waƙa sai kunnensa ya iya gane tsirkiyar da ta saki. Dokar ba tasa ba ce. Ya gaje ta ne daga wanda ya koya masa, wani makaɗin orkestra na zamanin ƙungiyar matasa ta Samariya, wanda a da in ya hau dandamali har daga ƙauyuka ake takowa.

Yanzu ɗaliban sun watse. 'Ya'yan ma'aikata na unguwar Zariya sun gano cewa waya tana haɗa kiɗa ba tare da yatsa ya yi ciwo ba. A Jiratawa wani mai lambu ya tare shi a ƙofar gida, ya ce ya ji wa'azi, ɗiyarsa ta gama da kiɗa. Wasu makaɗa a Yamai sun yi ta kiransa ya zo su yi aiki tare. Ya yi ta cewa sai bayan damina, har suka daina kira.

Saura tsohon nan, Maidawa na Tsibiri, wanda ya fi kowa tsufa, ya kuma fi kowa wuyar koyo.

Tun da ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki, ya kuma taɓa masa tunani, likita ya ce a nema wa hannun aikin yi. Kowace Laraba Idirisa yakan kamo hanyar Tsibiri ta tsakiyar gonakin hatsi, ya jingina moto a gindin itacen bedi, ya shiga. Ya sha ruwa a randa. Ya durƙusa ya gaida tsohon, sannan ya ɗora masa gita a cinya.

Kowace Laraba kuma daga farko suke farawa. Abin da aka koya wancan mako ya bi iska.

Sau ɗaya kawai abu ya faru. Ana cikin darasi hadari ya taso, tsohon yana kallon sama, sai hannunsa na hagu ya zame a wuyan gitar ya fitar da wani ɗan kiɗa mai tsabta, gajere. Maijidda, matar tsohon, ta saki taɓarya a tsakar gida. Tsohon ya dubi hannun nasa kamar na aro ne, ya tambaya wace tsirkiya ce ta farko.

Idirisa ya jira abin ya sake dawowa. Aka yi girbi, aka cika rumbuna, aka sake shuka. Bai dawo ba.

Yau yatsun sun ƙi ko lanƙwasuwa. Gumi ya tsattsafo wa tsohon a goshi. Ya gwada, ya sake gwadawa, daga bisani ya ture gitar gefe da bayan hannu.

"Malam," ya ce, "ka bar wahal da kanka. Wanga abu ba a jinina yake ba."

"A hankali ake yi, Baba."

"A'a. Na gaji, kai ma ka gaji. Kar ka ƙara zuwa." Ya dubi hannun Idirisa. "Ina da ɗa, yatsunshi dogaye kamar naka. Da shi ka samu, da ka ji daɗin koyarwa. Amma ya bar zuwa ganina. Ban san mi na yi mishi ba."

Idirisa ya taɓa gwada amsa wannan magana, kuma ya ga yadda tsohon ya firgita ranar, har da kiran maƙwabta. Ya sassauta tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sa gitar a jaka.

Maijidda ta biyo shi zaure tana share ido da bakin zane.

"Ka yi haƙuri. Kafin Laraba mai zuwa ya manta cewa ya sallame ka."

"Na sani," ya ce. "Shi ne abin da ya fi ciwo."

Ya tada moto, ya bar ƙofar gidan da aka haife shi, inda mahaifinsa, makaɗin orkestrar da ya fara ɗora masa yatsu a kan tsirkiya, yake zaune yana jiran ɗan da ya daina zuwa.