Hotuna Biyu a Jaridar Safe

A cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Katumi ta tsinci jaridar, wani ya yar da ita kan kujera. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska kafin ta buɗe.

Shafin farko gaba ɗaya hoton yaron ne. Callum, ɗan shekara ashirin, yana murmushi rungume da karensa. Malamansa sun ce yaro ne mai kunya, gwanin zane. Uwarsa ta yi kuka gaban 'yan jarida, ta ce an lalata wa ɗanta rayuwa tun bai fara ta ba. "Abin takaicin Whitechapel", haka jaridar ta kira abin da ya faru ranar Juma'a.

Sai can ciki ta ga mijinta. Issahaku, direban bas, mutumin Kumasi. Hoton Sallar bara ne suka yanke, suka cire ta, suka cire 'yarsu da ke kan kafaɗarsa, suka bar gemu da idanun da rana ta sa ya tsuke. A ƙasa an rubuta cewa ya taɓa zama a ƙasar bayan bizarsa ta ƙare, kuma ba ya fashin masallaci.

Tun jiya 'yan jarida suka yi dafifi a ƙofar flat ɗinsu, sashensu na gidan bene. Wani ya cusa mata makirufo a baki.

"Yaushe ya fara tara gemu? Kin ga ya canza kwanan nan?"

Maƙwabciyarta, wadda Issahaku ke ɗaukar wa kaya zuwa hawa na huɗu, ta leƙo, ta mayar da ƙofa ta sa sakata.

Wani dattijo da ke gabanta a tube ɗin ya dubi hoton Callum, ya girgiza kai cike da tausayi. Katumi ta ninke jaridar, ta sauka.

A asibiti wata 'yar sanda ta yi mata jagora zuwa wani ɗaki mai sanyi. Ta ce a bi sannu, bincike bai nuna cewa ta'addanci ne ba, yaron dai yana fama da damuwa.

Sannan aka yaye farin ƙyallen daga fuskar Issahaku, wanda Callum ya caka wa wuƙa ta baya yana sunkuye yana ɗaura takalminsa a ƙofar masallaci.